Duron Malam Yalwa

Warin ba ya tashi sosai sai rana ta take. Da safe mutum zai iya ratsa tsakar gidan ya ɗauka kwata ce ta toshe, amma kafin azahar sai ya cika ko'ina, ya shiga ɗakuna, ya kama labule da kayan sawa. Harira ta daina shanya a igiyar bayan kicin. Ta daina cin abinci a tsakar gida. Ko ruwan randa ta ɗiba sai ta ji kamar da shi a ciki.

Daga wani shuɗin duro yake fitowa, wanda surukinta Malam Yalwa ya girke a lungun da ke tsakanin kicin da katanga, ya rufe da buhu da tsohon faifai. A cikin wannan duron tsohon ya ce za a tsoma kifin walimar Firdausi, 'yar Harira, wadda za ta yi saukar Alƙur'ani ranar Asabar. An gayyaci malaman makarantarsu, da dangi daga Zariya, da rabin matan layin. Harira ta san idan kifin ya shiga duron nan ba zai ciwu ba, idan kuma aka ci to asibiti za a kwashi mutane. Ta kuma san ba ta da bakin da za ta faɗa wa uban mijinta haka.

Abin ya faro ne daga sana'arta. Harira tana suyar kifi da yamma a ƙofar gidansu a Badarawa. Da safe take saro tarwaɗa da karfasa, kuma da yake wuta ba ta zama, firizar gidan ta koma ma'ajiyar kwanuka. Ranar da zafi ya yi yawa, kafin la'asar naman kifin ya fara saki. Sai aka yi wata bita a cibiyar mata ta unguwa, wata malama ta koya musu dabara. A daka kanumfari da citta da tafarnuwa, a haɗa da ganyen zogale, a tafasa, a tace, a bari ya huce, a zuba gishiri da lemon tsami. A gyara kifi a wanke shi tas, a tsoma shi a ruwan na ɗan lokaci, a tsame, a ajiye a inda ya fi sanyi. Harira ta gwada, ta ga kifinta yana kaiwa yamma da ƙarfinsa, idan ta samu ƙanƙara har ya kwana. Abu guda malamar ta yi ta nanatawa har mata suka fara dariya: ruwan nan na yini ɗaya ne, in an gama a zubar.

Malam Yalwa kuwa marini ne. A marinar gidansu ta Zariya ya tashi, a can ya tsufa, har sana'ar ta mutu a hannunsa, aka cike ramukan aka yi shaguna a kai. Da matarsa ta rasu, ɗansa Sharhabil ya ɗauko shi ya dawo da shi Kaduna. Ya zauna a ɗakin zaure ba aikin komai, daga masallaci sai tabarma, yana kallon tafin hannunsa. Kullum yana ganin Harira ta ɗauko baho ta sheƙa ruwan kanumfari a kwata. Rannan ya kira Sharhabil ya ce a gaya wa iyali kada a ƙara zubarwa, a riƙa ba shi.

Harira ba ta ga wani laifi ba. Ta ɗauka shuka zai riƙa yi wa ban ruwa. Sai ta ga an sayo duro, an fere muciya doguwa. Kowace yamma tsohon ya juye ruwan ranar a ciki, ya ƙara kanumfari, ya ƙara ganye, wani lokaci har da toka, ya tsaya yana motsawa yana ɗaga muciya yana duba kumfa. A marina haka ake yi. Ruwan rini ba a zubar da shi, ciyar da shi ake yi, kuma sabo ba ya kama zane sai ya kwana biyu ya yi wari. Tsohon ya miƙe, ya fara cin abinci sosai, har waƙa ake ji yana yi ƙasa-ƙasa a lungun. Wannan ya sa Harira ta yi shiru a farko. Da ta ga inda abin ya dosa ta daina ba shi ruwan, sai ya riƙa bin bahon da kansa yana ɗauka kafin ta juya.

Ranar Laraba da safe ta tare mijinta yana ɗaura agogo zai tafi ofis.

"Baban Firdausi, ka yi wa Baba maganar?"

"Zan yi."

"Tun wancan makon kake zan yi."

Sharhabil ya ɗauki kwalbar turare ya fesa a wuya, ya fesa a hula, ya fesa a hankici ya sa a aljihu. Tun da aka kafa duron, kwalba ba ta yi masa mako biyu.

"Harira, kin ga yadda ya dawo mutum? Jiya har tambayata ya yi ko akwai sauran tuwo. Yaushe rabon da ya nemi ƙari?"

"Na gani. Ni ma na ji daɗi. Amma ka taɓa ɗaga faifan nan?"

"Me zai kai ni?"

"To ni na ɗaga. Akwai abin da ke motsi a ciki, kuma ba muciya ke motsa shi ba."

Sharhabil ya runtse ido ya haɗiye yawu. "Don Allah da sassafe. Ban ko karya ba."

"Malam Babba na makarantarsu zai ci kifin nan. Gwaggonka mai ciwon suga za ta ci. Yara za su ci."

"Ba za a kai ga haka ba. Ki bari, zan san yadda zan ɓullo masa." Ya duba agogon da ya gama ɗaurawa. "Na makara."

Ta bi shi da ido. Da ya zo ratsa tsakar gida ya ɗauke numfashi, ya gaida mahaifinsa da hannu daga nesa, ya fice da sauri kamar ana binsa.

Sai ta koma ga Firdausi. Jika tana da bakin da suruka ba ta da shi, tana iya gaya wa kakanta komai. Harira ta zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla, abin da malamar bita ta ce, da abin da jinin kifi da yauƙinsa ke zama idan suka daɗe a ruwa cikin zafi. Firdausi ta ja mayafi ta toshe hanci ta nufi lungun, uwar ta laɓe a tagar kicin.

"Tsoho, wai mushen me ka ɓoye a nan?"

"A'a, amarya ce da kanta? Zo ki ga abin da nake tanadar miki."

"Ni ba zan matso ba. Wallahi ruwan nan ya ruɓe. Ƙudajen Badarawa kaf sun dawo gidanmu, har na Kawo sun fara zuwa ziyara."

Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kishi kike yi na fi kula shi da ke."

"Da gaske nake yi, Kaka. In aka sa kifi a ciki mutane za su yi ciwo."

"Haka kakarki ta riƙa cewa in na dawo daga marina. Wai kada in shigo mata ɗaki. Amma da na rina mata zane, wa ya fi ta yanga a gidan biki?" Ya tsoma muciya ya juya. Wani abu ya yi ɓul daga ƙasa, kumfa mai ruwan toka ta taso ta fashe. "Kin ji? Magana yake yi. Ya kusa nuna. Na uwarki na yini ɗaya yana riƙe kifi zuwa dare, to ina ga wanda ya yi watanni yana cin kanumfari? Wannan in ya kama kifi, sai ki kai shi Makka ki dawo da shi."

Ya dangwala yatsa a bakin muciyar ya kai harshe, ya ɗan tsotsa yana kallon sama. Firdausi ta yi wani irin ƙara a maƙogwaro ta ruga bayi.

"Ki dawo, raguwa!" tsohon ya ɗaga murya cikin nishaɗi. "Na sake ki in ba ki dawo ba!"

A nan Harira ta gane kuskurenta. Duk abin da ya fito daga bakin jika, a kunnen kaka wasa ne.

Da la'asar maƙwabciyarta Hadiza ta leƙo ta kan katanga, ta naɗe hanci da gefen ɗankwali.

"Maman Firdausi, don girman Allah me kuka binne? Maigidana ya sa an buɗe masai an duba, ya ce ko namu ne ya fashe."

Harira ta matsa kusa da katangar ta gaya mata komai a hankali. Hadiza ta saurara, ta tofar da yawu gefe.

"Ki jira ya tafi masallaci ki tunkuɗe shi. Ki ce akuya ce."

"Ba mu da akuya."

"Zan ara miki tawa."

"Zai sani, Hadiza. Kuma in ya sani, zai ce a gidan ɗansa an mai da shi yaro, ana yi masa dabara a bayan ido. Gara a gaya masa."

"To gaya masa mana."

Tun da aka kawo Harira gidan nan amarya, magana tsakaninta da Malam Yalwa ba ta wuce ina kwana da sannu da hutawa, tana durƙushe, idonta a ƙasa. Ko sunan Yalwa ba ta faɗa. Akwai wata mai awara a layin da ake kira haka, ita Harira sai dai ta ce mai sunan Baba.

Daga ƙarshe suka shirya wata hanya. Ranar Juma'a idan an sayo kifin, a sauke shi a gidan Hadiza. A can za a gyara, a tsoma a sabon ruwa, a sa a ƙanƙara, a soya da safiyar Asabar. In tsohon ya tambaya, a ce wurin can ya fi fili. Harira ta gaya wa Sharhabil, ta sake gaya masa, ya ce ya ji, wannan ai shi ne maganin abin.

Ranar Juma'a da hantsi tana gidan Hadiza, ta dafa ruwan kanumfari babbar tukunya, ta tace ta baza a bahuna yana hucewa. Ƙamshinsa ya cika gidan, Hadiza na cewa yau dai hancinta ya samu hutu. Suka jira motar Sharhabil da zai kawo kifin, shiru. Harira ta kira mijinta a waya.

"Ai na sauke tun ɗazu," in ji shi. "Ina hanyar ofis."

"Ka sauke a ina?"

"Baba na zaune a ƙofar gida lokacin da na iso. Ya taso da kansa ya buɗe but ɗin motar. Harira, ya zan yi? In ce masa ya saki?"

Ba ta tsaya ta kashe wayar ba. Ta fito ko takalmi ba ta sa daidai ba.

Tun daga zaure warin ya tare ta, ya fi na kullum, domin an buɗe duron gaba ɗaya. Manyan ƙudaje koraye sun yi baƙi a bakinsa, suna tashi suna sauka. Baho biyu na kifi Sharhabil ya kawo, gyararre daga kasuwa. Ɗaya yana nan a inuwa da ƙanƙararsa, ba a taɓa ba. Ɗayan kuwa ya kusa ƙarewa. Malam Yalwa ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera kifayen da ya tsamo a kai, layi-layi kamar zannuwa a shanya. Wani yauƙi mai ruwan ƙasa yana zarara daga jikinsu. A cikin kunnen wata karfasa Harira ta ga farin abu ƙarami yana lanƙwasa yana miƙewa.

Tsohon ya ɗago, fuskarsa cike da fara'a. Bai saba yi mata doguwar magana ba, amma yau murna ta sa ya yi.

"'Yata, kin zo a daidai. Kin ga yadda ya kama? Dubi launi. Na rage miki aiki, ki je ki huta. Wancan bahon ma yanzu zan gama da shi."

Ta durƙusa kamar yadda ta saba. Bakinta ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa. Kuma ba a sakin rini sai an gwada a ƙyalle." Ya nuna gefe da haɓa. A kan kurfoti ya ɗora wata ƙaramar tarwaɗa tun ɗazu, wuta ta babbake bayanta, cikin ko zafi bai gama yi ba. Hayaƙin da ke tashi daga jikinta ya haɗa ƙauri da ɗoyi da ɗan ƙamshin kanumfari a can ƙarshe, kuma wannan ɗan ƙamshin shi ya fi komai tayar da zuciya. Ya goge hannu a buhu, ya ɗauko kifin ya sa a faranti, ya zauna a kan turmi. Ya ɓare gefe. Naman ya fito fari da ja, yana ɗigar ruwa. Ya yi bisimilla.

Harira ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta dai ga hannunta a kan farantin, ta fizge shi, kifin ya zame ya faɗi ƙasa. Guntun da ke tsakanin yatsunsa ma ta kaɓe shi.

Gidan ya yi tsit, sai kukan ƙudaje. Hannun tsohon na nan a sama inda ta bar shi. Firdausi ta fito daga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa, ta rufe baki da hannu biyu.

Harira ta koma ta durƙusa da farantin a hannunta. Ta riga ta yi abin da ya fi magana muni, saboda haka maganar ta zo.

"Baba, ka yafe mini. Ba za ka ci ba. Ba wanda zai ci. Ruwan nan ba nuna ya yi ba, ruɓewa ya yi. Zane ba shi da jini, kifi yana da shi. Duk ruwan da na ba ka akwai jini da yauƙi a ciki, su ne suke ta ruɓa tun watannin nan. Kanumfari yana tsare kifi ne in ruwan sabo ne. In ya kwana, shi kansa ya zama abin da ake gudu."

"Ke kika ce?" Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Ni na ce, Baba."

"Shekaruna nawa a bakin rami, ke za ki gaya mini ruwan da ya mutu da wanda yake da rai?"

"Na rini ka fi kowa sani. Wannan ba na rini ba ne."

Ya dube ta, ita ma a karo na farko ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ga gefen bakinsa na motsi. Ya juya ya dubi Firdausi, kamar yana jiran ta yi dariya a ce wasa ne. Firdausi ba ta yi ba.

"Sharhabil ya sani?"

"Ya sani."

"Maƙwabta?"

Ta kalli katangar Hadiza. Ya gyaɗa kai a hankali, ya daɗe yana gyaɗawa.

Sai ya miƙe ya nufi duron, ya kama bakinsa ya ja. Duron bai motsa ba. Ya sake ja, ƙafarsa ta zame a yauƙin da ya zuba, ya dafe katanga. Harira ta ajiye farantin ta je ta kama ɗaya gefen. Bai ce ta bari ba, bai kuma dube ta ba. Suka riƙa mirgina shi a kan gindinsa, kaɗan-kaɗan, ruwan na tangaɗi yana fallatsa a zanenta da ƙafafunta, mai ɗumi kamar an ɗora a wuta. Ta riƙa shaƙar iska ta baki, sai ta ji ɗanɗanonsa a harshe, ta koma ta hanci. Firdausi ta ruga ta buɗe musu ƙofar zaure.

A bakin babbar kwatar layin suka kwantar da shi. Na sama ya fita da sauri, baƙi-baƙi da kumfa. Na tsakiya ya biyo da kauri kamar kunu. Na ƙasa ya ƙi fita sai da tsohon ya sa muciya ya kwarzo. Ɓawon kifi ya fito dunƙule-dunƙule, da ruɓaɓɓen ganye, da tsutsotsi fari fat suna ta wutsil-wutsil a rana. Daga ƙarshe wani abu mai tsawo ya sulɓo, ya tsaya a bakin kwatar. Tarwaɗa ce, ko abin da ya taɓa zama tarwaɗa, wadda ta kuɓuce masa wani lokaci can baya da yake gwaji. Ta kumbura ta yi fari, ba ido. Ya taɓa ta da muciya, ta rabe biyu.

Mai shagon da ke kallon gidan ya ja ƙofarsa ya rufe. Wani mai babur da ya shigo layin ya yi salati ya juya. Wata mata daga bene ta ɗaga murya tana tambayar wane marar tsoron Allah ne, ranar Juma'a guda. Harira ta juya gefe ta yi amai har sai da cikinta ya ƙulle.

Malam Yalwa bai toshe hanci ba. Ya tsaya yana kallon abin da ya fito daga duronsa, ya daɗe. Sannan ya jingina muciyar a bango, ya shiga gida, ya ɗebi ruwa a buta ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya sake wankewa. Ya shige ɗakinsa ya saki labule. Ko masallacin Juma'a ranar a wani sahu ya tsaya, ba inda ya saba ba.

Sauran yinin aiki ne. Harira da Hadiza suka kwashe kifin da ya shiga duron suka ƙulle a buhu biyu, aka kai bola mai nisa don kada wani ya tsinta. Suka kwarara ruwa a kwata, suka wanke tsakar gida da garin sabulu da toka, suka turara garwashi da kanumfari a kowane lungu. Harira ta yi wanka ta sake yi, zanen da ke jikinta kuwa ta ce a ƙone. Bahon da ya tsira aka kai gidan Hadiza, aka wanke kifin, aka tsoma a sabon ruwa, aka sa a ƙanƙara. Da Sharhabil ya dawo ya ji abin da ya faru, ya tsaya a tsakar gida yana juya makullin mota.

"Kika fizge? Daga hannunsa?"

"Daga hannunsa."

"Da kin jira na dawo ai."

Ya sa makullin a aljihu ya tafi ƙofar ɗakin mahaifinsa, ya yi sallama, aka amsa, ba a ce ya shigo ba.

Ranar Asabar aka yi walima. Kifin ya kwana lafiya, namansa da ƙarfi, ya soyu ya yi ja. Da yake rabi ne, sai aka yanka ƙanana, aka ƙara yawan shinkafa. Firdausi ta yi karatu a gaban malamanta, muryarta ba ta yi rawa ba. Gwaggon Sharhabil ta ce kifin ya yi daɗi amma an yi rowarsa, ta kuma tambaya ko akwai mushen ɓera a wani wuri, don tana ɗan jin wani abu. Dangin Zariya suka yi ta tambayar ina Malam, ana cewa yana ciki, jikin ne sai a hankali. Firdausi ta je ƙofarsa da alkyabbarta ta ce angon ya fito ya ga amarya. Ya sa mata albarka daga ciki, ya yi mata addu'a mai tsawo, bai tsokane ta ba.

Da la'asar, bayan mutane sun ragu, Harira ta zuba shinkafa a kwanonsa, ta zaɓi tsakiyar karfasa ta ɗora, ta rufe. Ta ɗauka ta je ta durƙusa a bakin labulen.

"Salamu alaikum. Baba, ga abinci."



"Wa alaikumus salam. Ajiye."

Ta tura kwanon ta ƙarƙashin labule. Ba ta tashi ba. Tana jin numfashinsa, da ƙarar carbi.

"Da kifi a ciki?"

"Da shi, Baba."

"Na wane ruwa?"

"Na jiya. Sabo."

"An zubar?"

"An zubar."

Carbin ya ci gaba da tafiya. Daga tsakar gida Hadiza na kiran a kawo manyan tukwane a wanke kafin magariba.

"Je ki, ana kiranki," in ji shi.

Ta miƙe. Ta kai tsakiyar zaure ta ɗan tsaya, ta ji an ja kwanon a kan siminti, an ɗaga murfi. Sai ta ji yana shinshinawa, a hankali, ya daɗe yana yi. Ba ta jira ta ji sauran ba, ta tafi wurin tukwane.